Injiniyan Rikkos da Manhajar da Ba Ta Shan Data

Duk wanda ya zauna a unguwar Rikkos ta Jos 'yan shekarun nan ya san Injiniya, ko da bai san sunansa na yanka ba. Shi ne dogon nan mai jakar goyo da gilashin da ba na magani ba, wanda idan ya zo teburin mai shayi sai ya fara ajiye laftof a kan benci kafin ya yi sallama, don kada wani ya yi kuskuren ɗaukarsa ɗaya da sauran. Sunansa Zainulabideen. A katin da ya buga ya datse sunan ya koma Zayn, wai Turawa ba za su iya furta na ainihin ba. Har yau dai babu Baturen da ya taɓa nemansa.

A Bukuru aka haife shi. Kakansa haƙar kuza ta kawo shi daga ƙasar Kano, ubansa kuwa Malam Labaran tela ne a bakin kasuwa, mutum mai hannu, wanda limamai da fastoci duk shi suke kai wa ɗinki. Zainu, kamar yadda uwarsa Tabawa ke kiransa, shi kaɗai ne cikin 'ya'yan gidan ya ce keken ɗinki bai dace da shi ba. Aka kai shi koyon gyaran rediyo, ya ce mai shagon bai san komai ba. Aka mayar da shi gyaran waya, ya ce aikin zai kashe masa ido. Ya shiga difloma, ya watsar a tsakiya, wai malaman suna koyar da abin da duniya ta daɗe da wucewa. Bai taɓa rasa dalili ba, kuma ba a taɓa jin dalilin ya faɗo a kansa ba.

Inda ya fi daɗewa shi ne wani kafe na intanet kusa da kasuwar Taminus, yana buɗe wa mutane imel yana tuna musu kalmar sirrin da suka manta. A nan ya haɗu da Jeffrey, wani ɗan unguwar Daɗin Kowa mara yawan magana, wanda ke zuwa ya kama kwamfuta ɗaya ya wuni yana rubuta wa shaguna da majami'u shafukan intanet. Zainu ya riƙa jawo kujera yana leƙe. Ya tsinci abin da ya tsinta: ya iya canja launi, ya iya cire sunan wani ya sa na wani, ya iya ɗora hoto. Da wayoyin hannu suka kashe kasuwar kafe, mai wurin ya mayar da shi gidan kallon ƙwallo, Zainu ya fito da wannan ɗan guntun ilimi da kuma baki.

Wata rana da hantsi Jeffrey ya kira shi ɗakinsa ya nuna masa wani sabon abu.

"Ka ga wannan? Sunanta Electron, kuma kyauta ce. Za ka ɗauko shafin da ka rubuta, ka zuba a cikinta, ita kuma ta naɗe shi da burauza tata ta kanta, wato abin nan da ake buɗe shafukan intanet da shi, ta fitar maka da shi kamar manhajar kwamfuta. Mutum ya danna tambari sau biyu ta buɗe. Kuma rubutu ɗaya za ka yi, ta fitar maka da na Windows da na Mac da na Linux."

Zainu ya matso. "Wato dai shafi ne."

"Shafi ne. An dai cire masa layin adireshin nan na sama, an ba shi tagarsa."

"To wa zai sani?"

Jeffrey ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya ci gaba da bayani, ya ce abu biyu za a kula da su. Kowace manhaja da aka yi haka tana goye da burauza sukutum, saboda haka tana da nauyi, tsohuwar kwamfuta za ta ji jiki. Sannan idan ana so ta yi aiki ba intanet, dole a kwashe kayan shafin duka a zuba a cikinta, in ba haka ba taga kawai aka yi mai leƙa waje. Zainu na gyaɗa kai, amma kunnensa ya tsaya tun a wurin Windows da Mac da Linux. Sauran ya bi iska.

Kafin sati ya zagayo ya zama Injiniya. Ba wanda ya naɗa shi. Ya buga kati, a ƙasan sunansa aka rubuta cewa yana ƙera manhaja ga kowace irin kwamfuta a duniya, shi da bai taɓa ɗora yatsa a kan Mac ba, Linux kuwa ya ɗauka sunan kamfani ne. Ya bar Bukuru ya kama ɗaki a Rikkos, wai don ya kusanci harkoki. Masu rubuta shafukan intanet, waɗanda a gindinsu ya tsinci abin da ya sani, ya koma kiransu masu fentin bango. Da Jeffrey ya samu aiki ya koma Abuja, sai labari ya canja a teburin mai shayi.

"Yarona ne," in ji Injiniya, yana juya cokali a kofi. "Ni na sa masa hannu. Yana da ƙoƙari, amma bai wuce shafi ba."

Abin haushin shi ne kasuwa ta buɗe masa. Mutanenmu suna son abin da ke zaune a fuskar kwamfutarsu da tambarin shagonsu a jiki. Ya yi wa wani mai kemis, ya yi wa wani otel, ya yi wa Chiemerie mai sayar da tayil na daɓen ɗaki a hanyar Bukuru. Duk abu ɗaya ne: shafin da Jeffrey ya bari ko wanda ya kwaso kyauta, a canja launi, a naɗe, a miƙa. Kwamfutocin kuwa duk 'yan gwanjo ne da suka gama rayuwarsu a Turai kafin su zo Jos su huta. Da an danna tambari sai fanka ta tashi da gurnani, a jira, a je a yi alwala a dawo, sannan taga ta buɗe. Mai karɓar baƙi a otel ɗin ta ce ita dai ta gode, don da safe in sanyi ya matsa a gefen kwamfutar take ɗumama hannu.

Chiemerie ne ya fara kiransa da fushi.

"Oga Injiniya, wannan abu naka ya cinye min kwamfuta. Kwastoma yana tsaye, ni ina tsaye, shi yana tunani."

Injiniya ya zo, ya duba, ya girgiza kai irin na likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare. "Manhajar ba ta da laifi. Kwamfutarka ce ba ta kai matsayinta ba. Ka sa injin jirgi a jikin amalanke, me kake so ya faru?"

Daga nan ya ƙara sana'a ta biyu, sayar da ƙarin ƙwaƙwalwar kwamfuta ga waɗanda manhajarsa ta shaƙe. Ya kan faɗi haka da alfahari, yana cewa shi ne ke ɗaga darajar kwamfutocin Filato.

A wannan tsakanin ya auri Binta, 'yar wani direban babbar mota, mace mai ido a buɗe wadda tun tana gidansu take saro dankalin Turawa daga ƙauye tana turawa Kano da Abuja, duk ta waya. Ta san mijinta da cika baki tun kafin a ɗaura, ta ɗauka irin wanda aure ke ragewa ne. Malam Labaran kuwa sau ɗaya ya taɓa tambayarsa sana'arsa, ranar da suka je gaisuwar salla.

"Wai ni Zainu, me kake yi ne takamaimai? Mutane na tambayata, ina rasa amsa."

"Baba, abin da wuyar bayani. Ka ga dai shafin intanet ko? To ni nake mayar da shi manhaja mai zaman kanta, ta hau kowace kwamfuta."

"Kai kake rubuta shafin?"

"Wannan ƙaramin aiki ne, Baba. Yara ke yi."

"Abin da ake naɗe shi da shi fa, kai ka ƙera?"

"A'a, wannan akwai shi a shirye."

Tsohon ya zare zare daga bakinsa, ya ce, "To Allah ya yi albarka." Bai sake tambaya ba. Injiniya ya gaya wa Binta a hanya cewa tsofaffi ba za su taɓa fahimta ba. Ita dai ta kalli tagar mota.

Babban aikin rayuwarsa ya zo ne daga Madam Josephine, mai wata makaranta mai zaman kanta a Daɗin Kowa. Tsohuwar malama ce da ta yi ritaya daga aikin gwamnati ta buɗe tata, gajeriya, mai murya ƙasa-ƙasa, irin waɗanda aji ke yin tsit tun daga jin takunsu. Ta samo 'yan laftof na hannu da ba su kai dozin ba, tana son 'yan ajin ƙarshe su riƙa gwada jarrabawar kwamfuta kafin su shiga ta gaske. Sharaɗinta ɗaya ne.

"Ɗana, ba na son abin data. Iyaye sun gaji, ni ma na gaji. Ina son abin da yaro zai buɗe ya yi, ko da netwok ko babu."

"Momi," in ji Injiniya, ya dafa ƙirji, "ai kin zo gida. Wannan shi ne bambancina da masu fentin bango. Nasu sai da data. Tawa manhajar ko a cikin rami kika shiga da ita za ta yi aiki."

Akwai wani shafin gwajin jarrabawa da Jeffrey ya gina tun kafin ya tafi, ya bar masa ya ce ya yi amfani da shi in buƙata ta taso. Injiniya ya canja masa launi zuwa na rigar makarantar, ya sa malamai suka ba shi tambayoyi ya ɗora, ya naɗe, ya danna, ta buɗe. Sai da ya kashe data don ya gwada, taga ta yi fari fat kamar an shafe allo. A nan ne maganar da ya bar wa iska a ɗakin Jeffrey ta dawo masa. Tambayoyin suna can a intanet, makin yara ma can ake ajiye shi, abin da ya yi taga ce kawai. Ya yi kwanaki yana fama ya kwaso su ya zuba a ciki, ya taɓa nan can ya lalace, ya taɓa can nan ya rushe. Kira ɗaya zuwa Abuja zai warware masa, kuma Jeffrey ba mai rowa ba ne. Amma ta yaya Injiniya zai nemi taimakon yaronsa? Ya ɗauki waya ya ajiye, ya sake ɗauka ya ajiye.

Dabarar da ya faɗa a kanta ta ba shi sha'awa ƙwarai, har ya ji haushin ba wanda zai iya gaya wa. Ya kunna rabon data a wayarsa, ya bi laftof ɗin makarantar ɗaya bayan ɗaya ya haɗa su da ita, ya ɓoye alamar da ke nuna an haɗu. Muddin yana cikin ɗakin da waya a aljihu, manhaja na aiki. Ya gaya wa Madam Josephine cewa a watannin farko dole ya riƙa kasancewa a wurin duk lokacin da za a buɗe, don injin yana buƙatar sa ido. Abin da zai yi bayan watannin farko kuwa, ya bar wa gobe. Aka yi gwaji da malamai, komai ya tafi sumul. Madam ta ji daɗi, ta sa ranar buɗewa, ta gayyaci iyaye.

Binta na da tsohon ciki a lokacin, Tabawa ta taho daga Bukuru ta zauna da ita. Da safiyar ranar, yana gaban madubi yana ɗaura lakataye, Binta ta dafa bango ta ce bayanta na ciwo tun asuba, ciwon kuma ba irin na kullum ba ne.

"Ki daure zuwa yamma," ya ce, bai juyo ba. "Yau ranar tarihi ce. Ga Inna nan ai."

"Zainu," in ji Tabawa daga bakin ƙofa, "ka bar wayarka a kunne."

"A kunne take, Inna. Yau kam ba za ta mutu ba."

An kafa rumfa a harabar makarantar, an jera kujerun roba. Fasto ya yi addu'a, liman ya yi addu'a, yara suka yi waƙa. Shugaban ƙungiyar iyaye, Mista Benedict, wani tsohon ma'aikacin sakatariya mai son dogon jawabi, ya yanka kirtani, aka ɗunguma zuwa ɗakin kwamfuta. Iyaye suka cika bango da tagogi. Aka ba Injiniya dama ya ce wani abu, ya kuwa ce. Ya yi maganar Windows da Mac da Linux. Ya ce abin da za su gani yau ko a Legas sai an tona. Ya yi wa masu shafukan intanet tatas, ya ce suna shan jinin talaka da data. Mista Benedict ya ɗaga hannu.

"Injiniya, don iyaye su ji da kunnensu. Ba ya cin data ko kaɗan?"

"Ko ɗigo, ranka ya daɗe. Kowa ma ya kashe datarsa, don kada gobe a ce da ta wani muka yi."

Aka yi tafi. Mutane suka ciro wayoyi suna kashewa. Ɗalibai suka zauna, suka danna tambarin makarantarsu, fankoki suka tashi gaba ɗaya kamar ana niƙa a unguwa, bayan ɗan jira tambaya ta farko ta fito. Wata uwa ta rangaɗa guɗa. Injiniya ya harɗe hannu a ƙirji ya jingina da bango.

Sai waya ta yi ruri a aljihunsa.

Abin da bai taɓa lura da shi ba, don ranar gwaji ba wanda ya kira shi, shi ne a wannan gefen na Daɗin Kowa da kira ya shigo wayarsa sai data ta tsaya cak har kiran ya ƙare. Yarinyar da ke gaba ta danna tambaya ta biyu, allo ya yi fari. Na kusa da ita ma haka. Kafin a ce me, duk allunan ɗakin sun koma farare. Injiniya ya zura hannu a aljihu ya katse kiran. Ɗaya bayan ɗaya tambayoyi suka dawo.

"Tana sabunta kanta ne," ya ce da murmushi. "Alamar lafiya ce."

Iyaye suka gyaɗa kai. Ba a yi nisa ba wayar ta sake ruri, alluna suka sake fari. Ya leƙa da gefen ido, ya ga sunan Inna. Ya katse. Ta sake kira. Ya katse. Ba zai iya kashe wayar ba, ba zai iya toshe layin ba, ba zai iya fita waje ya amsa ba, don duk inda ya yi manhajar za ta bi shi. Gumi ya keto masa a garin da mutane ke sanye da rigunan sanyi. Ya san sarai abin da zai sa Tabawa ta yi ta kira haka, kuma ya ci gaba da katsewa. Bayaninsa ma ya fara canja kama: da farko sabuntawa ce, sai ta koma gwajin tsaro, sai ta koma laifin tsufan laftof.

Madam Josephine ba ta san komai game da burauza ba, amma ta ƙare ƙuruciyarta tana tsaron ɗakin jarrabawa. Ba allunan take kallo ba, hannunsa take kallo. Ta ga duk sanda aljihu ya yi ƙara sai allo ya mutu, duk sanda hannu ya shiga aljihu sai allo ya farfaɗo. Ta taka a hankali ta tsaya a gabansa.

"Injiniya, wayanka yana kuka. Ka ɗauka mana."

"Ba komai, Momi, gida ne kawai."

"Gida ne ka ce ba komai? Kawo."

Ta miƙa hannu, irin miƙawar da ba a taɓa ƙi ba. Ya ba ta. Wayar ta sake ruri a tafinta, ta amsa, ta sa a sifika, ta ɗaga sama. Alluna suka yi fari, muryar Tabawa ta cika ɗakin.

"Zainu! Kai wane irin mutum ne? Tun ɗazu nake kira kana kashewa! Yarinyar nan ta kusa haihuwa a tsakar gida, ba don Badung maƙwabci ya bar lodinsa ya kwashe mu a keken hayarsa mai ƙafa uku ba da ban san yadda za mu yi ba. To ta sauka, an samu mace. In ka ga dama ka zo!"

"Mama, sannu," in ji Madam Josephine cikin natsuwa. "Ba shi ba ne, ni ce mai makaranta. Barka, barka. Uwa da jariri suna lafiya?"

Tabawa ta sassauta murya, aka shiga gaisuwa. Madam ba ta yi gaggawa ba. Ta tambayi jikin mai jego, ta tambayi wane asibiti, ta tambayi mutanen Bukuru, ta yi wa Badung godiya a madadin kowa, duk tana tafiya tsakanin tebura tana duba fararen alluna, iyaye na binta da ido. Da ta gama ta katse. Tambayoyi suka dawo. Ta tsaya ta bari kowa ya gani. Sannan ta danne maɓallin gefe har wayar ta mutu, ta ce wa yarinyar gaba ta danna. Fari. Aka jira. Fari dai.

Fankoki suka ci gaba da gurnani. Mista Benedict ya yi gyaran murya, ya ce, "To, Injiniya, barka da ƙaruwa."

Dariyar da ta ɓarke har masu sayar da masara a bakin titi sai da suka leƙo. Madam ba ta yi dariya ba. Ta mayar masa da wayarsa, ta ce a hankali, yadda na kusa kawai suka ji, "Je ka ga 'yarka. Kada ka dawo nan."

A asibiti ya tarar da Binta kwance, jaririya a gefenta, Tabawa na zaune ta juya masa ƙeya. Ya tsaya da lakatayensa a karkace. Da ya ɗauki yarinyar idonsa ya kawo ruwa, kuma na ɗan wannan lokacin ba wanda zai ce ga Injiniya a ɗakin, Zainu ne kawai ɗan Malam Labaran. Binta ta dube shi, ta tambaya a gajiye yaya taro.

Ya buɗe baki. Da ya faɗi gaskiya a nan, da wataƙila labarinsa ya canja hanya.

"Netwok ne ya ci amanata," ya ce. "Ƙasar nan ba ta shirya wa irinmu ba."

Binta ta lumshe ido. "Miƙo min ita," ta ce.

An sa wa yarinyar Suwaiba. Kafin ranar suna labarin ya riga ya gama Daɗin Kowa, ya hau motar Bukuru, ya sauka a Rikkos. Madam Josephine coci ɗaya suke zuwa da mahaifiyar Jeffrey, ta daɗe da jin cewa ɗan nata aikin kwamfuta yake yi, ta nan ta samu lambarsa. Jeffrey ya zo daga Abuja a ƙarshen mako, ya kwashe tambayoyin ya zuba su cikin manhajar yadda ya kamata, ta koma aiki ba data, da nauyinta da gurnaninta. Ya biya ta Rikkos ya yi barka, ya kawo wa jaririya sabulu da zani, bai ce uffan game da makarantar ba. Wannan shirun ya fi ƙona Injiniya fiye da dariyar iyaye. Bayan tafiyarsa ya ce wa masu shayi yaron ya zo neman shawara ne.

Aiki ya ɗauke. Matasan unguwa suka laƙaba masa Ɗauki Wayar, in ya wuce sai wani ya kwaikwayi rurin waya da baki. Ya yi 'yan watanni ba ya fita sosai, gidan kuwa dankalin Binta ne ya riƙe shi, kamar yadda dama shi ke riƙe da shi, sai dai yanzu an daina ɓoyewa. Mai hankali zai ce lokacin zama a koyi aikin ne ya zo, tunda ga laftof ga lokaci. Injiniya ya yi amfani da lokacin wajen gano cewa an fito da wata sabuwar hanyar naɗe shafi, mara nauyi, wadda ba ta goyon burauza, tana aron wadda ke cikin kwamfutar. Bai gama karanta bayaninta ba ya fito da sabon wa'azi. Tsohuwar hanyar, wadda ya ci abinci da ita shekara da shekaru, ta zama abin zagi. Ya ce shi dama tun farko ya faɗa tana da nauyi, ba a saurare shi ba.

Bara aka yi wani taron matasa masu harkar kwamfuta a wani zaure a cikin gari, ya yi ta bin masu shiryawa har suka ba shi 'yan mintoci. Ya hau dandamali da sabon gilashi. Ya ba su labarin wani yaro da ya taɓa sani, wanda ya yi wa wata makaranta manhaja ya ɓoye waya a aljihu. Ya iya ba da labari, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya kwaikwayi rurin wayar, ya kwaikwayi muryar tsohuwar, zauren ya kwashe da dariya. Ya rufe da nasiha cewa matasa su daina son gajeriyar hanya. Aka yi masa tafi sosai, wasu ma suka karɓi katinsa.

Ya dawo gida da ƙarfinsa. Ya tarar da Binta a tsakar gida, waya a kunne, tana rigima da wani direba a kan buhunan da ruwa ya taɓa, Suwaiba na jan zaninta. Ya jira ta gama, ya jawo kujera, ya ce ya yi tunani, harkarta ta girma, lokaci ya yi da zai ƙera mata manhaja ta kanta, da tambarin dankali a jiki, wadda za ta hau kowace irin kwamfuta.

"Ba ni da kwamfuta, Baban Suwaiba."

"Sai a saya. Ki ga, da kin danna sau biyu..."

"Gas ya ƙare," ta ce. "Ga tukunyar can a bakin ƙofa. In ka yi sauri za ka samu ba su rufe ba."

Sannan ya tashi, ya rataya jakar laftof a baya, ya ɗauki tukunyar gas a hannu, ya fita.